Dutsen Kabejin Fayina

Duk wanda ya taɓa shiga lambun tsohuwar fadar garinmu, nan arewacin Rasha, ya san muryar Fayina Lukinishna kafin ya san fuskarta. Muryar kan ƙetare tafki ta tarar da kai tun kana bakin ƙofa: "Bawan Allah mai jar hula, sauka daga kan ciyawar nan! E, da kai nake, kada ka waiga, ba kowa a bayanka!" Mu da muka tashi a garin babu wanda bai sha wannan tsawar ba, har da waɗanda yanzu suke da furfura da mota.

Shekara talatin da ɗaya ke nan tana gadin ɗan tsibirin da ke tsakiyar tafkin. Tsibirin ko filin ƙwallo bai kai ba. A kansa akwai ɗan gida shuɗi mai ɗaki huɗu, wanda wani sarkinmu na dā ya gina wa 'ya'yansa don wasa. Ƙofofinsa sai babba ya sunkuya, murhunsa bai wuce gwiwa ba, amma murhu ne na gaske, a kansa 'ya'yan sarki suka riƙa ƙona fate suna tilasta wa masu renonsu su ci. A bayan gidan, ƙarƙashin itatuwa, akwai duwatsu biyu masu tsini inda aka binne karnukan yaran, Kashtan da Zorka. Sarauta ta wuce, yaƙi ya zo ya wuce, gidan yana nan yana ruɓewa a hankali, Fayina tana toshe masa rufi da kwano da tsumma.

Ba da niyya ta faɗa aikin ba. Tela ce a masana'antar ɗinkin riguna, aka wayi gari masana'antar ta rufe, ga jaririya a hannu, ga miji direban bas da ya tafi kudu neman aiki ya manta hanyar dawowa. Aka ce ana neman mai shara a tsibiri na wata uku. Ta karɓi tsintsiya da makulli, ta shiga ɗan kwale-kwalen da ake ja da igiya, ta ƙetara. Ran da ta fara buɗe ƙofar nan ta sunkuya ta shiga, ta ga ƙananan ƙugiyoyin rataye riga a bango, kowace daidai tsayin mai ita, sai gidan ya shiga ranta, bai kuma sake fita ba. Wata ukun nan ne har yau ba su ƙare ba.

Abin alfaharinta ɗaya ne a duniya, ba ta kuma ɓoye shi: a hannunta ko ƙusa ba ta taɓa ɓacewa daga tsibirin ba. Akwai wani mutum mai kwat da ya kwance mariƙin taga ya jefa aljihu. Fayina ta bi shi da takalmin roba har tashar jirgin ƙasa, ta shiga tarago, ta tsaya a kansa da hannu a miƙe har jirgi ya tashi da su. Sai da suka wuce tasha biyu ya gaji da kallon da mutane ke yi masa ya ba ta. Ta dawo ta ɗaure mariƙin a wurinsa kafin ta sha ko shayi. Gaskiya wani lokacin abin nata yakan yi yawa, don ta taɓa ƙwace wa wata amarya ganye guda da ta tsinka. Amma haka muka san ta, haka kuma muke son ta.

A shekarar da ta cika hamsin da takwas, da ganye ya fara zuba, abin da ta yi ta rubuta wa hukuma takarda a kansa tun gashinta yana baƙi ya tabbata. Za a gyara gidan! Aka janye ruwan tafkin, aka shimfiɗa hanyar katako a kan taɓo, motoci suka fara kawo alluna da fenti da gilashi. Fayina ta kasa zaune ta kasa tsaye. Tun da sassafe tana bakin hanya bakinta har kunne, ta dafa wa ma'aikata shayi, ta juya ta yi musu faɗa, ta sake dafa wani shayin don huce haushi. Duk wanda ta tarar a layin sayen burodi sai ya ji labarin rufin da za a sa, ko yana so ko ba ya so.

"Lukinishna, ki zauna mana, kina sa mini jiri," in ji Yefimich kafinta, wani tsoho mai gashin baki wanda ya mai da tsokanarta abincinsa. "In an gama gyaran nan ke ma sai mu shafa miki fenti mu kafa ki a bakin ƙofa, ai kin isa shiga kayan tarihi."

"Kai dai kula da gudumarka, tsohon banza. Ƙusar nan da ka zare ta girmi kakanka. Sa ta a kwali, ina kallonka."

Shugabar aikin ta fannin tarihi wata siririyar mace ce mai tabarau, Rimma Arkadiyevna, wadda ba ta rabo da jakar takardu. Ita ce mutum na farko da ya taɓa tambayar Fayina abu game da gidan ya kuma rubuta amsar. Tun daga ran nan Fayina ta sallama mata. Ko mutuwa Rimma ta ce a yi, Fayina za ta tambaya ne kawai da ƙarfe nawa.

Rigima ta taso ne a kan wani kututturen dutse. Taku shida daga kabarin Zorka akwai gindin dutse da ya ɗan leƙo daga ƙasa, kansa a karye, da ƙananan ramuka huɗu a gefe. A kansa Fayina take zama ta ci abincin rana tun da ta fara aiki. Injiniyan aikin ya ja layin bututun ɗumama gida ta kansa daidai. Rimma ta ce a'a, wannan kabari ne na uku, ramukan nan na allon suna ne da aka ɓalle. Injiniya ya ce ƙafar benci ce, ramukan na ƙusoshi ne.

"Rimma Arkadiyevna, ni ba maƙiyin karnuka ba ne, ina da biyu a gida," in ji shi, yana murza goshi. "Amma in na kewaye wurin nan sai na ƙara kwana goma, sanyi kuwa ba ya jiran kowa. Ki kawo mini hujja in kewaye da hannuna. In babu, Litinin ƙarfe takwas katafila za ta shiga."

Ran Juma'a da rana wani tsohon hoto ya iso daga ma'ajiyar takardu ta babban birni. Rimma ta fito da gudu daga ɗan gidan har ta bugi kanta a ƙofa, ba ta ma ji ba.

"Fayina Lukinishna, zo ki gani! Uku ne! Na faɗa, uku ne! Ga sunayen a baya: Kashtan, Zorka, Buyan!"

Duwatsu uku ne kuwa a hoton. Sai dai itatuwan da ke ciki duk sun mutu tun tuni, gidan ma bai fito ba, ba yadda za a gane inda na ukun yake tsaye. Injiniya ya duba, ya ce hoto mai kyau ne, amma bai ga inda ya ce a nan ne ba. Rimma ta yi ajiyar zuciya, ta miƙa wa Fayina madubin ƙara girma don ita ma ta kashe ƙwarƙwatar ido.

Fayina ta kara madubin a kan dutse na uku. A kusa da tsininsa an sassaƙa abin wuyan kare ya zagaye dutsen, da kan ƙarfensa, harshen yana cikin rami na uku. Ta san wannan ɗamarar. Ta san ramin nan na uku, don gishiri yakan taru a cikinsa, kowace shekara sai ta sa tsohon buroshin haƙori ta goge shi.

A garinmu kowane gida na kirki yana da dutsen kabeji. In sanyi ya kusa, a yanka kabeji, a murza shi da gishiri da karas, a cusa a gangar katako, a ɗora faifan katako, sannan a danne da dutse har ya yi ruwa ya tsumu. Shi za a ci har ƙanƙara ta narke. Dutsen kuwa gado ne, uwa ke bar wa 'ya, ba a ba da aronsa. Na gidan su Fayina sunansa Janar, saboda yana da ɗamarar soja kuma aikinsa kawai ya hau kan na ƙasa ya zauna. Tun tana rarrafe take ganinsa. Wa yake tsayawa ya ƙare wa dutsen gidansu kallo? Shekara talatin da ɗaya tana cin abinci a kan gindin dutsen, kabejin da ke cikin kwanon nata kuma kan dutsen ne ya danne shi.

Murna ta taso mata har wuya, saura ƙiris ta kurma ihu. Hujjar da ake nema ga ta can a gida! Sai wani tunani ya biyo baya ya zuba mata ruwan sanyi. Ita, Fayina, wadda ta bi mutum har cikin jirgi saboda mariƙin taga, ashe da kayan tsibiri a ɗakin girkinta. Ta mayar wa Rimma madubi, ta ɗauki jakarta. Ran nan ne karo na farko da ta tashi aiki kafin lokaci, kuma a guje ta tafi, Yefimich yana ƙwala mata kira yana tambaya ko miji ta samu.

Ta tarar da mahaifiyarta, Agrafena Tihonovna, 'yar shekara tamanin da biyu, a ɗakin girki tsakanin ƙullin kabeji arba'in, tana wasa wuƙa. Janar yana kan tebur, an riga an yi masa wanka da tafasasshen ruwa, yana tururi. Fayina ta juya shi, ta shafa ɗamarar, ta shafa karyayyen gindinsa da a kullum suke cewa haka Allah ya yi shi.

"Mama. Daga ina Janar ya zo gidan nan?"

Tsohuwa ba ta ko ɗago kai ba. "Na san wata rana za ki gani. Ban dai zaci zai kai shekara talatin ba, ke da ake cewa kina da ido."

"Kin sani? Mama, kin sani kika bar ni ina yi wa mutane tsawa a kan ganye?"

"To in ce miki me? Rufe ƙofar nan, ki rage murya, ba a tsibiri kike ba."

Da aka rufe ƙofa ta faɗa mata a taƙaice. Lokacin sanyin da suka dawo garin bayan sojojin Jamus sun fita ne, ita Agrafena tana 'yar shekara bakwai. Gida ba taga, lambun fada duk ramukan bom. Wata safiya mahaifiyarta ta ja ta suka taka ƙanƙarar tafki zuwa tsibiri, suka tarar da dutsen a karye a ƙasa. Uwar ta ɗora shi a kan allon da ake jan itace da shi a kan ƙanƙara, ita Agrafena ta ja igiya.

"Ni na ja, da hannun nan. A zamanin kuwa maƙwabcinmu shekara bakwai aka ɗaure shi a kan alkamar gwamnati cikin hula. Alkamar da ta zube a ƙasa! Ke kina ganin dutsen fada nawa za a ba mutum?"

"Mama, wannan zamanin ya wuce. Ran Litinin za a haƙe kabarin in ba a ga dutsen nan ba."

"A haƙe. Kare ne, ya mutu tun kafin a haifi uwata, ba zai kai ƙara ba. Janar ba inda zai je. Miƙo mini gishiri."

Ran Asabar suka yi aikin kabeji kamar yadda suka saba, sai dai babu hira babu waƙa. Aka cika ganga, aka ɗora faifai, tsohuwa ta nuna da haɓa, Fayina ta ɗauki Janar ta aza. Tana son kabarin nan ya tsira, tana so ta ga fuskar Rimma in dutsen ya hau gindinsa, har tsigar jikinta takan tashi in ta tuna. Amma tana jin kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba. Tana hango 'yan layin burodi suna taɓa juna, tana hango makullin nan da ya shekara talatin da ɗaya a aljihunta ana miƙa wa wani. Ga kuma tsoron da ta gani a idon uwarta, wanda ba na wasa ba ne.

Ran Lahadi da hantsi dabara ta faɗo mata, ta shigo ɗakin girki tana rawar jiki.

"Mama, na samo! Tafki ai ba ruwa. Gobe da sassafe in kai shi in tura cikin taɓo, in bari ma'aikata su taru, sai in ce, kai, mene ne wancan? Shi ke nan! An tsinci dutse, kabari ya tsira, ba wanda ya san mu."

Tana zaton tsohuwa za ta yi murna. Sai ta ga ta ajiye kofin shayi a hankali, ta zuba mata ido.

"Ki tura wa a taɓo? Dutsen da ya ciyar da gidan nan shekara saba'in da biyar? A kan kabejinsa kika yi haƙora, mara kunya. Sannan ke ce za ki yi ƙarya? Ke da ko kin ce shayi ya yi daɗi alhali bai yi ba kunnenki ke ja? Sata ɗaya ta ishe mu, ba sai mun ɗora mata ƙarya ba."

"To ya za a yi, Mama?"

"Fita ki ba ni wuri, kin tsaya mini a kai kamar mai bin sawun ɓarawo."

Fayina ta fita tsakar gida ta faskara itacen da ba a bukata. Can sai ƙamshi ya fara fitowa ta taga. Ta leƙa, ta ga uwarta ta yayyanka baƙin burodi ƙanana-ƙanana ta jera a tire tana busarwa a tanda. A ƙasarmu ba sai an yi wa kowa bayani ba: wanda ke busar da burodi haka, gidan yari yake shirin tafiya. A kan kujera ga safa ta ulu guda biyu, ga sabulu, ga maganin hawan jini an naɗe a hankici.

"Mama, don Allah! Ba wanda zai kama ki!"

"Haka aka ce wa maƙwabcinmu. Je ki cika manyan kwalabe uku da ruwa, su za mu ɗora wa kabeji. Ba zai yi daɗi kamar na Janar ba, amma ke kaɗai za ki ci, ke kuwa ba ki san daɗin abinci ba."

Fayina ta rasa dariya za ta yi ko kuka, sai ta yi duka biyun, tsohuwa tana ce mata ta matsa kada ta jiƙa burodi.

Litinin da safe mutanen da ke jiran bas a ƙofar lambu suka ga abin mamaki. Agrafena Tihonovna, wadda rabonta da fita ya kai shekara biyu, ga ta cikin babbar rigar sanyinta ta zuwa coci, da sanda a hannu ɗaya, ƙullin kaya a ɗaya. A gabanta Fayina tana jan jakar cefane mai taya, tayar tana kuka saboda nauyi. Tsohuwa ba ta sauri, Fayina kuwa jininta yana tafasa, ta yi gaba ta dawo, ta yi gaba ta dawo. Suna hawa hanyar katako suka ji katafila ta tashi.

A nan ne muryar da Allah ya ba Fayina ta yi ranarta.

"Kai direba! Kashe motar nan! Kashe ta na ce, ko in zo in kashe ta da kaina!"

Hankaki suka watse daga itatuwa. Direban katafila, wanda shi ma a garin ya tashi, ya kashe injin kafin ya tuna cewa yanzu shi babba ne. Ma'aikata suka fito, injiniya ya duba agogo, Rimma ta taho da jakar takardunta a ƙirji, idonta ja alamar ba ta yi barci ba tun Juma'a. Fayina ta ja jakar har gaban kututturen, ta buɗe, ta yaye tawul ɗin da suka naɗe dutsen da shi.

Rimma ta durƙusa a cikin laka da wandonta mai kyau. Ta ga ɗamarar, ta zaro hoton, ta kalli wannan ta kalli wancan. Yefimich ya sunkuya ya shinshina, ya ɗago yana lumshe ido.

"Jama'a, ni dai ban san tarihi ba, amma wannan kare da kabeji aka binne shi. Wa ke da dafaffen dankali?"

"Ɗauki ka ɗora, tsohon banza, surutu ya isa!" in ji Fayina.

Rimma ta share kan kututturen da buroshi. Yefimich da direba suka ɗaga Janar suka aza. Ya yi gefe, ya ƙi zama. Suka juya shi, ya sake karkacewa, ga rata a tsakani har yatsa yana shiga. Injiniya ya yi gyaran murya. Fayina ta kalli ratar. Ashe ta tona asirin gidansu a banza?

"Ba haka yake ba," in ji tsohuwa daga baya, tana nuni da sanda. "Kan ɗamarar gidan yake kallo. Juya shi, ɗan nan, ai ba tukunya kake ɗorawa ba."

Suka juya shi kan ɗamarar ya fuskanci ɗan gidan. Dutsen ya ɗan goga, ya yi ƙas, ya zauna daram. Layin karayar ya haɗe tun daga wannan gefe har wancan, ko takarda ba za ta shiga ba.

Wurin ya kaure. Rimma ta yi ihu irin na 'yan makaranta, ta rungume Fayina, ta rungume Yefimich, ta kusa rungume injiniya. Direba ya hau katafila ya yi ta danna ƙaho. Yefimich ya jefa hularsa sama ta faɗa taɓo bai damu ba. Injiniya ya zagaya dutsen sau biyu, ya gwada tura farce a layin, ya miƙe yana dariya, ya ce a cire turakun layin da ya ja, bututu zai bi ta bakin ruwa, kwana goman kuma a nemo masa su ko daga ina. Fayina tana tsaye tana ta faɗin, "Ya zauna, kun gani, ya zauna," hawaye yana bin fuskarta, ba ta ko share ba.

Da hayaniya ta lafa Rimma ta zauna a kan allo ta buɗe littafinta. "Sai mu rubuta yadda aka same shi. Fayina Lukinishna, a ina yake duk shekarun nan?"

Fayina ta sa hannu a aljihu ta zaro makullin ɗan gidan, ta riƙe shi a tafin hannu.

"A gidanmu yake. A kan gangar kabejinmu. Ga makulli, in an ga ban cancanta ba."

"Mayar da makullinki, wa ya tambaye ki?" Tsohuwa ta ture ta da sanda, ta matso gaban Rimma, ta ajiye ƙullinta a ƙasa, ta miƙe iyakar miƙewarta. "'Yar nan, ki rubuta. Ita ba ta san komai ba, ba a ma haife ta ba. Agrafena Tihonovna ce ta ja igiya. Ga ni, na zo da kayana. In da mota za a tafi, a taimaka mini wajen hawa, gwiwata ba ta lanƙwasuwa."

Rimma ta kalli ƙullin, ta hango busasshen burodi ta bakin ɗaurin, sai ta gane. Ta cire tabarau ta riƙe.

"Agrafena Tihonovna, babu mota. Babu wanda zai taɓa ki, babu mai karɓar makullin kowa. Duk karyayyen dutsen da aka bari a lambun nan bayan yaƙi, fasa shi aka yi aka cike ramuka. Da ba ku ɗauke shi ba, da yanzu yana ƙarƙashin kwalta. Ku kuka adana shi."

Tsohuwa ta daɗe tana kallonta, tana neman inda tarkon yake. Da ba ta gani ba, sai ta nemi wurin zama, Yefimich ya yi maza ya tura mata akwatin kayan aikinsa ta zauna.

"Ba don adanawa uwata ta ɗauka ba, kada ki rubuta ƙarya," in ji ta, da ta sami numfashi. "Don haushi ta ɗauka. Ina da ƙane. A hanyar gudun hijira ya mutu, a cikin tarago, yana ɗan shekara uku. Jirgi ya tsaya a wani daji aka sauke shi tare da wasu, ba mu ma san sunan wurin ba. Da muka dawo uwata ta ga duwatsun nan, ta ce kare yana da dutse ɗanta ba shi da shi. Ta ce nasa ne. Muka kai gida, sai ta rasa inda za ta kafa masa. Ya yi wata guda a bayan ƙofa, kabeji ya zo, shi ke nan."

Fayina ta juya ta kalli tsohuwa. Shekara hamsin da takwas tana gida ɗaya da wannan matar, ba ta taɓa jin tana da kawu ba. Ta durƙusa ta riƙe hannun uwarta, ita kuwa tsohuwa ba ta fizge ba, abin da ba ta saba ba.

Rimma ta mayar da tabarau. "Akwai allo da za a kafa a bakin ƙofar gidan, da sunayen waɗanda suka dawo da kayan tsibirin. Sunanki zan sa, ko na ku biyu da 'yarki?"

"Ni me zan yi da allo? Sunana yana kan takardar fansho, yana kan ƙofa, ya isa." Ta kalli littafin. "Ana iya sa na wanda ba ya nan?"

"Ana iyawa."

"To sa nasa. Ba a taɓa rubuta shi a ko'ina ba, takardar haihuwarsa ma ta ƙone. Ki rubuta shi duka, har da sunan uba, kamar na manya. Mitrofan Tihonovich Sazonov."

Rimma ta rubuta da manyan baƙaƙe, ta juya littafin ta miƙa mata. Tsohuwa ta kawo shi kusa da fuska, ta ɗora yatsa a kan harafin farko, ta bi layin a hankali har ƙarshen shafi.

"Ashe sunan dogo ne," in ji ta. "Shi kuwa ɗan ƙarami ne."